Lukuman da Tayar Tsafe

Duk Tudun Wadar Gusau babu wanda bai san bakin Lukuman ba. In agogonka ya tsaya zai ce kawo, in fankarka ta ƙi juyawa zai ce wannan ai abin yara ne. In ya dawo maka da kayanka kuwa, sai ka ga ragowar notuna uku a leda, ya ce kamfani ne suka sa su don ado. Ni ina da ikon faɗa, don taubashina ne. Uwarsa Gwaggo Bara'atu ƙanwar babana ce, kuma shagon ɗinkina yana kallon ƙofar gidansu, don haka duk tsiyar da ya shuka a gaban idona take tsirowa.

Babana, Malam Sama'ila, tsohon malamin gona ne a Nahuce ta ƙasar Bungudu. Yana da wani jan babur dogo irin na shiga daji, mai siraran tayoyi masu ƙuraje, wanda ya saya lokacin da ya ajiye aiki. Shekara tara yana goge shi kullum safiya kafin ya karya kumallo. A ƙofar gidanmu na Nahuce akwai lambatu mai zurfi, sai Baba ya sa mai walda ya gitta masa wani ƙarfe mai kwari kamar indararo, daidai faɗin tayar, ta nan yake tura babur ɗin zuwa zaure. Ni ɗansa na cikinsa sau ɗaya na taɓa hawa, na je na rungumi jakin maƙwabcinmu, tun daga ranar ko madubinsa aka hana ni taɓawa.

Da Allah ya kira Baba aikin Hajji, ana gobe zai tafi ya tara mu a gindin bedin ƙofar gida, da liman da maƙwabta. Ina zaune ina gyara hula, na ɗauka lokacina ya yi. Sai Baba ya tsallake ni ya miƙa wa Lukuman makulli.

“Ga amana,” in ji shi. “In na dawo na ishe shi yadda na bar shi, ko noti ba ka taɓa ba, ya zama naka. Ƙafata ta gaji da buga kik.”

Lukuman ya durƙusa ya ce ko ƙuda ya sauka a kan tanki sai ya rubuta sunansa. Wallahi ranar ko tuwo ban iya haɗiya ba don haushi.

Kwana shida ya yi yana riƙe da amana. A na bakwai ya shigo shagona da waya a hannu, ya danna mini ita a hanci. Wasu Turawa ne ke tsere da babura irin na Baba sak, amma an cire musu ƙafafun daji an sa masu faɗi, sumul, suna shan kwana har gwiwa na shafar kwalta. Ya ce sunan abin sufamoto, kuma shi ne zai fara kawo shi Zamfara. Da ƙafar baya zai soma, don ita ce mutane ke gani in ka wuce su. Na tuna masa maganar noti. Ya ce abin da zai zama naka nan da wata guda ai naka ne, kuma ana jibi Kawu zai dawo zai mayar da tsohuwar ƙafar wurinta, noti kuwa ba ya kai ƙara.

Na ci gaba da taka kekena.

Washegari ya nufi Tsafe wurin 'yan gwangwan, inda aka ce masa an kawo gawar wani ƙaton babur na 'yan tsere. Da la'asar sai ga shi ya dawo da ƙafar baya sukutum ɗaure a bayansa, wili da taya da komai. Faɗinta ya kai tafin hannuna biyu in an jera, ga ta sumul kamar bayan ƙwarya. Bai ko sha ruwa ba ya wuce wurin Ɗanjuma, bakaniken unguwarmu, mutumin da ba ya magana sai ya gama tauna goronsa.

Ɗanjuma ya karyo kara, ya auna tsakanin ƙarafan nan biyu da ke riƙe da ƙafar baya, sannan ya ɗora karan a kan sabuwar tayar. Ta fi wurin da yatsa biyu. Ya yi masa bayani a hankali: ko an samu ta shiga, cen, wato sarƙar babur, zai riƙa gugar gefenta, sai an je an feƙe ƙarafa na musamman an daidaita sifoket, faifan haƙoran da cen ke hawa, na baya da na gaba su kalli juna. Ga kuma birki, wannan wilin na faifai ne, na babur ɗin kuwa na sanda ne. Ya ce aiki ne na awo da haƙuri, in ma zai yiwu.

Lukuman ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce awo aikin teloli ne irin su Uwaisu, wato ni ke nan, shi kuwa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

“To, ban da hannuna,” in ji Ɗanjuma. “Amma tsohuwar ƙafar, ka adana ta inda ko kaza ba ta gani.”

Lukuman ya koma gida, ya kwance ta da kansa, ya wurga ta bayan ɗakin girkin Gwaggo, kusa da tarin itace.

A ƙofar gida ya buɗe asibitinsa, don a cewarsa ilimi ba a ɓoye shi. Kafin ya gama shimfiɗa buhu maƙwabta sun fito da benci biyu, mai rake ma ya matso da baronsa. Ya tura taya ta ƙi shiga. Ya shafa mata sabulu ta ƙi. Ya shafa man gyaɗa ya hau da ƙafa, ta zille ta gangara ta kwashe butocin masallaci. Sai ya aro jek a wurin wani direban tasha, ya kwantar da shi tsakanin ƙarafan biyu, ya shiga bugawa yana yi wa jama'a lacca a kan halin ƙarfe. A bugu na tara muka ji ƙas! Fenti ya tsage daidai wurin walda. Lukuman ya ce kada kowa ya damu, miƙa ƙarfen ya yi, kamar mutum in ya tashi daga barci.

Taya dai ta shiga. Da ya juya ta da hannu sai cen ya kama gefenta yana ƙuu-ƙuu. Ya kwance sifoket ya cusa wasa, 'yan zobban ƙarfen nan na ƙarƙashin noti, a bayansa, da wasa ta ƙare ya huda muratan kwalba ya ƙara. Duk da haka guga ba ta daina ba. Sai ya shiga gida ya ɗauko wuƙar da Gwaggo ta sa aka wasa don layya, ya zauna ya sa tayar tsakanin ƙafafunsa ya fara fere gefenta. Wani dattijo ya tambaya ko yau ne sunan tayar, tunda ga shi ana yi mata aski. Lukuman ya ce a Turai ma haka ake yi, injin ne kawai suke da shi.

Salansa ta tokare, ya lanƙwasa ta da taɓarya. Madigadi ya ƙi zama, ya cire shi ya ce nauyi ne na banza. Sandar birki kuwa ta rasa inda za ta kama, sai ya naɗe ta da waya a jikin matakin ƙafa. Mai rake ya tambaye shi da me zai tsaya. Ya ce birkin gaba yana nan, kuma shi babur don tafiya aka yi shi.

Da ya buga kik ya ɗauki hanya, sai muka ga abin mamaki. Ƙafar gaba na bin hanyarta, ta baya na bin tata, babur na tafiya a karkace irin tafiyar kare in ya ƙoshi. Ya kai ƙarshen layi ya dawo, limamin unguwarmu ya tsayar da shi ya ce, “Lukuman, gaba ka nufa ko gefe?” Ya ce Malam ba zai gane ba, babur ɗin tsere tun kafin ya iso kwana yake shirya mata.

Ranar Babbar Sallah aka wayi gari da ruwa. Lukuman ya ci farar shadda wadda ni na ɗinka, ya hau sufamotonsa zuwa idi. Ƙatuwar taya ba madigadi, kuma hanyar Tudun Wada kun san ta in an yi ruwa. Kafin ya isa fili, ta zana masa jan layi mai faɗin faranti tun daga ƙeyar hula har gindin riga. Shi bai sani ba, ya kutsa sahun gaba yana baza turare. Mu da muke bayansa Allah kaɗai ya san yadda muka kai raka'a biyun nan. Da aka gaya masa bayan sallama, sai ya leƙa kafaɗa ya ce alama ce ta taya tana kama ƙasa da kyau.

To, yanzu bari in faɗi nawa, don ba na son a ji a bakin wani. Kowace shekara ni ke taya Gwaggo aikin rago. Ranar Lukuman ya fita yawon nuna taya, mu kuwa muka nemi ragar gashi sama da ƙasa muka rasa. Gwaggo na ta faɗa, sai idona ya sauka bayan ɗakin girki. Ni ban ce a ɗauka ba. Cewa kawai na yi, wancan wilin da Lukuman ya yar, siraran ƙarafansa na sifok kamar don gashin nama aka jera su. Ta tambaya ko ya gama da shi. Na ce ni dai tun ranar da ya wurga shi ban ga ya waiwaye shi ba, kuma ban yi ƙarya ba.

Mace mai tattali ce Gwaggo, ba ta bar komai ya tafi a banza ba. Tayar muka yanka muka babbake kai da ƙafafu da ita. Tif ɗin ta aika wa mai ɗinkin guga. Wilin kuwa muka wanke shi da toka, muka ɗora a kan duwatsu uku, muka hura gawayi. Da magariba Lukuman ya dawo ya ci hanta da tsoka har yana lashe yatsu, ya ce shi ya koya wa Inna irin wannan gashin.

Bayan mako biyu da 'yan kwanaki Baba ya bugo waya, ya ce jibi in Allah ya so suna gida. Ina shago na ga Lukuman ya shige gida yana fito. Ba a jima ba na ji fiton ya tsaya. Na ajiye almakashi na bi shi, don irin wannan kallo ba a ba mutum labari.

Na same shi riƙe da wilin, baƙi ƙirin, ya ɗan murɗe don zafin wuta, kitse ya daskare a sifok. Gwaggo na bakin rijiya tana jan ruwa da sabon guganta.

“Inna, ina tayar da ke jikin wanga?”

“Wadda ka ci kan rago da ita?”

“Tif ɗin fa?”

Ta ɗaga gugan ta juye a bokiti, ta ce ba ta taɓa samun wanda ba ya yoyo irinsa ba. Lukuman ya zauna a kan turmi. Tunda nake da shi ban taɓa ganin bakinsa a buɗe babu magana a ciki ba sai ranar. Na ɗan ji tausayinsa, amma bai daɗe ba.

Ya ruga wurin Ɗanjuma. Ɗanjuma ya gama tauna goronsa, ya ce ko an samo wata siririyar ƙafar yau, ƙarafan da aka buɗe da jek ba za su riƙe ta ba, sai an gasa su an mayar an sake walda, aikin mako guda ne. Ya ƙara da cewa wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Wani zai je ya faɗi gaskiya ya nemi gafara. Lukuman kuwa shagona ya dawo da yadi biyar na kore da fari. Ya ce in ɗinka wa babur siket, daga kujera har ƙasa, da tattara da geza, a matsayin kwalliyar taryen alhaji. Kawu zai dawo a gajiye, zai ga jan tanki da madubi ya ce ya gani, a yi addu'a a miƙa makulli, shi ke nan. Na ɗauko tef, ya riƙe mini bakinsa da kansa, har yana cewa in sake aunawa kada a samu kuskure.

Ranar tarye muka ɗauko Baba a Gusau, mota ɗaya da babura kusan goma sha biyar, muka nufi Nahuce. Lukuman ne a gaba, siket na kaɗawa, babur na tafiyarsa ta gefe. Na lura Baba ya sauke gilashi ya daɗe yana kallon sawun da ke shimfiɗuwa a kan taɓo. Da muka iso, Lukuman ya taka birkin da babu, ya wuce ƙofar gida da tsawon gida biyu, da ƙafafu ya ja ya tsaya, takalmi ɗaya ya rage a baya. Ya juyo yana ɗaga wa mutane hannu kamar da gangan ya yi.

Aka zauna gindin bedi, aka sha zamzam aka ci dabino, liman ya yi addu'a. Garin duk ya hallara, har mata sun cika zaure da soron maƙwabta, Gwaggo a gabansu. Ɗanjuma ma ya biyo ayari. Sai Baba ya gyara zaman farar hularsa ya ce a gaban shaidu ya ba da amana, a gabansu zai karɓa. Lukuman ya yi wuf ya miƙo makulli. Baba bai karɓa ba.

“A zaure ka ɗauke shi,” ya ce. “Mai da shi can, sannan mu yi magana.”

Lukuman ya dubi ƙarfen nan mai kwari, ya dubi lambatu. Ruwan kwana biyu ya cika shi, ga kuma abin da unguwa ta zuba tun Sallah. Amma Lukuman ne, sai ya ce turawa aikin tsofaffi ne, shi a kai zai shiga. Ya buga kik.

Ƙafar gaba ta faɗa kwarin ƙarfen ta wuce lafiya lau. Ta baya ta zo ta tsaya a baki, kamar a ce saniya ta shiga akurki. Ya ƙara wuta, ta hau kan gefunan ƙarfen tana juyawa wuri ɗaya tana hayaƙi. Ya sake murɗawa, cen ya cafko gezar siket, ya naɗe yadi biyar ɗin nan fyaat cikin ƙiftawar ido, babur ya tsaya tsirara a gaban jama'a. Kowa ya ga ƙatuwar taya da askin gefenta, da muratan kwalba, da sandar birki ɗaure da waya. Sannan ta zame a hankali, ta ɗauki babur da mahayinsa suka tafi cikin lambatu, tsulum.

Mata suka sa salati, maza suka kasa don dariya. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Mutum huɗu suka ciro babur, shi kuwa ya miƙe tsaye a ciki, ruwa iya ƙugu, ganyen albasa a kan hula. Daga nan inda yake ya ce, “Kawu, laifin ƙarfen ga ne, ya cika ƙunci. In aka faɗaɗa shi...”

“Shekara tara suna tare da babur ɗin ga,” in ji Baba, “ban taɓa jin sun yi faɗa ba.”

Ya taso ya zagaya babur ɗin, ya shafa wurin da fenti ya tsage. Na san ransa ya ɓaci ƙwarai, amma mutum ne da ya dawo daga ɗakin Allah, bai zagi kowa ba. Ya tambayi inda ƙafarsa ta asali take. Ni kuwa na riga na matso kusa, na goge tafin hannuna a riga, don makulli in ya bar hannun ɗan ƙanwa ina zai je in ba wurin ɗa ba?

Sai muryar Gwaggo ta fito daga zaure, da zuciya ɗaya, baiwar Allah. Ta ce, “Yaya, ai ba ta lalace a banza ba, naman layya muka gasa a kai. Uwaisu ne ma ya nuna mini ita, Allah shi yi mai albarka.”

Baba ya juyo ya dube ni. Na mai da hannuna aljihu.

Ya sa Ɗanjuma ya kwance ƙatuwar tayar nan take. Sannan ya ce abin da ya bari nasa ne, abin da Lukuman ya ƙara na Lukuman ne, kowa ya ɗauki kayansa. Makulli kuwa, da ya ji yadda Ɗanjuma ya ƙi sa hannu tun farko, sai ya sa shi a hannunsa, ya ce duk Gusau shi kaɗai ya buɗe baki ya kare babur ɗin, in ya gyara shi ya hau abinsa. Mu biyu ya ce mu kama hanya tun da sauran rana, kuma kada wani ya rage mana hanya, ƙafa tana koya wa mutum hankali.

Haka muka fito daga Nahuce zuwa bakin titi, ni a gaba ina cin magani, shi a baya yana ɗiga, takalmi ɗaya a ƙafa, yana gara tayarsa da karan dawa. Duk ƙofar da muka wuce sai an fito an yi mana sannu da aiki. Da muka yi nisa, sai na ji ya yi gyaran murya. Na ɗauka zagina zai yi, na shirya masa amsa.

Ya dafa tayar, ya dube ta da sha'awa, ya ce, “Uwaisu, in ka duba da kyau, ai mun gama mai wuyar. Taya ta samu. Babur kawai ya rage.”